Gemun Malam Sajo Ranar Jarrabawar Ƙarshe

Da asuba na tarar da Malam Sajo tsugune a bayan rumfata yana dirzar gemunsa da soson wanke-wanke. Buta a gabansa, sabulun wanki a gefe, babur ɗinsa jingine da darbejiya. Ban gane shi ba sai da ya yi magana.

"Ɗanjuma, buɗe rumfar nan kafin gari ya waye."

Ni mai aski ne a bakin tashar Gumel. Na daɗe a nan, har gwiwoyina sun fara ƙara idan na tsuguna. Mutum in ya zauna a kujerata sai bakinsa ya buɗe. Wannan zai gina gida bana, wancan zai bar taba bayan salla, wani zai koma makaranta. Ina ji, ina aski, na kuma daina tambayar yadda aka ƙare. Malam Sajo yana cikin 'yan kaɗan da suka faɗi abu a kujerar nan na ga sun tashi sun yi. Malamin gona ne a Sule Tankarkar. Aka yi ta kawo masu digiri ana ɗora su a kansa, har ran nan ya ce mini ya shiga karatun Asabar da Lahadi a nan Gumel. Ritaya ta riske shi bai gama ba, ya wuce sittin. Takarda ɗaya ta rage masa, ta lissafi, wadda ya faɗi bara. A ranar za a sake ta da ƙarfe tara, kuma an gaya masa daga ita babu wata dama.

Na haska fuskarsa da fitila. Gemun da na sani fari fat ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, yana ta sheƙi. Abin bai tsaya a gashi ba. Ya bi kumatu, ya gangara wuya, ya shiga bayan kunne. Tafin hannunsa kamar na marini. Hiramin da ya goge fuska da shi ma ya tashi daga aiki.

"Me ka shafa, Malam?"

Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu. A kasuwar Maigatari ya saye ta ranar Alhamis, wajen wani mutumin Damagaram. Rubutun jikinta duk Faransanci ne, amma a ƙasan rubutun akwai hoton baƙin takalmi sau-ciki.

"Ka ga hoton nan kuwa?"

"Ba na sanye da tabarau. Na ɗauka gashin baki ne."

Muka gwada lemun tsami, muka gwada toka, muka gwada kananzir. Fata ta yi ja, launi yana nan inda yake.

"Aske shi duka," in ji shi. "In ja hula, in sunkuyar da kai, in bi ta bayan gari in koma gida."

"Jarrabawar fa?"

"Na haƙura."

Ba aikina ba ne in hana shi. Na zaunar da shi, na ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ina cikin sa sabuwar reza sai ga Hidaya, jikarsa, 'yar babban ɗansa. A gidansu yake kwana duk ƙarshen mako. Ita ta gama nata digirin, ta yi bautar ƙasa, yanzu ɗinki take yi a zauren gida. Ubanta ko ido ba ya iya haɗawa da tsohon, ita kuwa jika ce, babu abin da ba ta gaya masa.

"Ina kwana, Baba Ɗanjuma. An tashi lafiya? Ya aiki? Cigiyar mijina nake yi. Wani tsoho ne mai farin gemu, ya tura babur ya gudu kafin kiran salla, ya bar mini matashin kai kamar an goge gindin tukunya da shi."

"Ba ya nan," in ji Malam Sajo, fuskarsa na kallon bango.

"To wannan saurayin fa? Sannu, samari. Juyo mana in gan ka. In ka yi mini, yau ɗin nan zan sallami tsohon."

Ya juyo. Ta tsaya tana kallonsa, jaka a kafaɗa. Sai ta nemi benci ta zauna, ta rufe baki da hijabi, kafaɗunta suna rawa.

"Yi dariyarki," ya ce. "Da ma haƙoran ne kaɗai abin nunawa a fuskar."

"Ni dai fuskata launi ɗaya ce."

"Launi ɗaya, kuma ba mai kyau ba."

"Baba Ɗanjuma, me ya sha?"

Na miƙa mata kwalbar. Ta juya ta, ta ga hoton, ta ɗago.

"Tsoho, tun yaushe nake karanta maka komai? Takardun makaranta ni, takardar asibiti ni, saƙon waya ni. Abu ɗaya tak ka saya a ɓoye, ka dawo mini takalmi."

"Takalmin ma ba irin na ƙafarki ba ne. Na waje ne."

"Ai na gani. Saura mu kai ka wajen mai shushaina ya buga maka buroshi. Wai ma wa ya aike ka? Sa'o'inka lalle suke sawa su fito da jan gemu, a ce musu Alhaji."

"Lalle ba ya ɓoye tsufa. Shela yake yi masa."

"Wannan kuma fa? Da azumi yara suna manna auduga a haɓa su zama tsofaffi, su yi tashe. Kai ka juya abin, kuma ko azumi ba a yi ba."

Malam Sajo ya shiga murza bakin ƙyallen da ke wuyansa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Ke ba ki shiga ɗakin nan bara ba. Ina sa ƙafa, yaron da ke tsaron jarrabawa ya tare ni. Da ladabinsa kuwa, har da rusunawa. Ya ce, Baba, iyaye a waje suke jira. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Na nuna kati, ya ba ni haƙuri, na zauna. Lambobin nan suka yi ta yawo a gabana kamar kiyashi. Har aka ce a ajiye biro ban kama ko ɗaya ba."

"Shi ya sa bana ka shirya musu abin dariya na gaske, kada su yi ta banza."

"Bana ba za su gan ni ba."

"Gara haka. Da wannan gemun, da farin da ke jikin katinka, cewa za su yi tsohon ya yi hayar saurayi ya rubuta masa. Ko da yake gwiwoyinka za su ba da shaida, tun daga bakin ƙofa ake jin su."

"Hidaya, gaya mini, me zan yi da shi? Na yi ritaya. Ba ƙarin girma, ba ƙarin fansho. Bautar ƙasa ma ba za su karɓe ni ba."

"Allah ya rufa wa ƙasa asiri. Kai a gajeren wando kana fareti, ƙafafun nan kamar na raƙumin da ya sha tafiya?"

"Ke da kika sa kakin, me kika dawo da shi? Kin gama da ƙuruciyarki, ga ki nan kina taka keken ɗinki. Ina digirin?"

"Yana ƙarƙashin katifa. Yana hana ta lotsawa."

"To kin gani."

"Na gani mana. Duk inda na kai takarda sai su ce suna son wanda ya goge da aiki. Kai ga gogewa har ta cinye gashin kai, sun ce ka tsufa. Da za a haɗa mu a yi mutum ɗaya, da tuni an ɗauke mu."

"Allah ya kiyaye. A haɗa ni da wannan bakin?"

"A haɗa ni da wannan gemun?"

Gari ya fara haske. Mai shayi na gefe ya hura wuta, motar Maigatari ta farko ta fara lodi. Malam Sajo ya ƙara juya kujera don kada masu wucewa su gan shi. Ni dai ina tsaye da reza a hannu. Na ga mutane da yawa sun ajiye abu saura ƙiris, kuma duk da irin muryar da ya yi magana da ita suke ajiyewa.

"Na gaji, Hidaya. Idona ya gaji. Bayana ya gaji da hanyar nan. Karatu yana da lokacinsa, nawa ya wuce ina yawo gonakin mutane ina duba tsutsa a jikin wake. Yaran ajin nan, wanda ya fi girma a cikinsu na halarci sunan ubansa. In malami ya yi tambaya na amsa, su tafa mini kamar jariri ya fara tafiya. In na kasa, su ce ai Baba ne. Ko ta ina ba a ɗauke ni ɗalibi ba."

"Ni ma na gaji."

"Ke da me?"

"Da kai. Wa ya zauna yana karanta maka littafin nan har murya ta dushe? Ina karantawa kana gyangyaɗi, in tashe ka ka ce tunani kake yi. Ɗinkin mutane na ture gefe, mata suna zuwa suna zagina a ƙofar gida. Lissafin da ban so ba a nawa karatun, saboda kai na koma na koye shi. Rabin digirin nan nawa ne. In za ka yar da rabinka, ka yar. Nawa fa?"

"Je ki rubuta rabinki."

"Da ina da gemu da na shiga, ko ba a rina ba."

"Saura kaɗan ya fito miki, irin wannan faɗa."

"Kuma ka duba mini, me zan gada a wajenka? Shanun sun tafi a kuɗin makarantar 'ya'ya. Gonar ta 'yan maza ce. Babur ɗin nan sai an yi masa magiya yake tashi. Takardar nan kaɗai na sa wa rai. In sa ta a gilashi, in rataye a saman keken ɗinki, kowa ya tambaya in ce ta marigayi mijina ce."

"Ba yanzu zan mutu ba. Sai na ga furfurarki."

"Ko yaushe ne, ina nan. Ranar ni zan riga kowa zama a ƙofar gida in tare makara. Sauran jikoki a ba su gumba su tashi. Ni ba inda za ni sai an nuna mini takarda. Ka yini a rana."

"Sai in tashi in mare ki."

"Ka ji, Baba Ɗanjuma? Yana da ƙarfin tashi daga makara, amma ba shi da na zama a benci ya yi lissafi."

Tsohon ya so ya yi dariya, ya danne ta. Ya gyara zama ya ɗaga haɓa.

"Ɗanjuma, aske. Rana tana yi."

Na matso. Hidaya ta ce, "Tsaya tukuna. In ka aske, launin zai fita?"

"Gashi zai fita," na ce. "Fata kuwa sai ta ga dama. Zai kwana biyu."

"To ya zai koma?"

"Da gemu, a ce tsoho ya yi rini. Babu gemu, ban san abin da za a ce ba."

Malam Sajo ya harare ni ta madubi. Kafin ya buɗe baki, Hidaya ta miƙa hannu ta ɗauke hular da ke gwiwarsa, ta koma bakin rumfa.

Kowa ya san wannan. Jika in ta ɗauke hular kaka, ba a ƙwata da ƙarfi, ba a kuma yin fushi. Sai dai a fanshe ta. Ga shi kan Malam Sajo sanƙo ne tun daga goshi har ƙeya, kuma in ban da ni da matarsa A'i, ban san wanda ya gan shi a buɗe ba.

"Kawo. Me za a ba ki?"

"Yau ba ta fansuwa."

"Zan sayo miki atamfa ranar kasuwa."

"Daga Maigatari? Ka dawo mini da buhun taki ka ce ba ka sa tabarau ba?"

"Hidaya."

"Hular nan duk ajin da ka shiga ta shiga. Ta ji duk abin da aka koyar, kuma ita ba ta gyangyaɗi. Ita zan kai ta rubuta. Ina nan zaune a ƙofar ɗakin jarrabawa. Mai hula in yana so ya zo ya karɓa a can."

Ya juyo wajena. "Ɗanjuma, ara mini taka."

Tana kaina a lokacin. Na cire ta, na jefa cikin akwatin kayan aiki, na rufe, na zauna a kan akwatin.

"Wace hula?" na ce.

"Kai ma?"

"Ni aski nake yi, Malam. Ba na ba da aron kaya."

Hidaya ta ce, "Hanya biyu ce, angona. Ga ta Sule Tankarkar. Ka ratsa tasha, ka wuce ƙauyukan da babu manomin da bai san ka ba, kai a buɗe, gemu yana ƙyalli, kowa ya ɗaga maka hannu ya ce Malamin gona, lafiya? Ka isa gida A'i ta tambaye ka ya jarrabawa. Ga kuma ta makaranta, nan kusa. Yara su yi dariya, su gaji, su sunkuya kan takardarsu, don su ma lissafin nan bai ƙyale su ba. Dariya dai yau sai an yi maka ita. Kai za ka zaɓi inda za a yi."

"In na sake faɗuwa fa?"

"Sai in san mijina ya faɗi. Yanzu kuwa sai dai in ce ya gudu, kuma ni ba na zama da wanda ya gudu."

Ta sauke jakar da ke kafaɗarta ta zazzage a benci. Tabarau ɗinsa, katin shaida, biro, na'urar lissafi, da ƙosai a ƙunshe cikin takarda. Duk ya baro su a gida da gangan. Ita kuma kafin ta fito nemansa sai da ta tsaya ta tattara. Wannan na lura da shi fiye da duk maganar da ta yi.

Malam Sajo ya daɗe yana kallon kayan. Ya ɗauki tabarau ya sa, ya juya ga madubi. Sai a lokacin ya ga kansa sosai. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya shafa sanƙon, ya ja gemun. Dariyar ta fara daga ciki, ƙasa-ƙasa, har ta kai shi ga tari. Na miƙa masa ruwa.

"Wallahi takalmi ne," ya ce. "Har da sheƙin."

"Sabo fil," in ji Hidaya.

Ya ɗauki kwalbar ya miƙa mata. "Ungo, mummuna. Tukuicinki."

"In yi me da ita?"

"Ajiye. Za ki tsufa. Kuma da wannan halin naki ba jikan da zai karanta miki kwalba."

Ta karɓa da hannu biyu har da rusunawa, ta jefa a jaka. "Na gode, maigida. Amma hula sai a ƙofar ɗaki."

"Ban ce zan shiga ba. Hulata zan je karɓowa."

"Ai ban ce ka ce ba."

Ta tsayar da adaidaita ta shiga, ta ajiye hular a gefenta kan kujera kamar fasinja, suka tafi.

Na juya ga Malam Sajo. Na ɗaga rezar na nuna masa. Ya girgiza kai.

"Ajiye wannan. Ɗauko almakashi ka daidaita mini gefe-gefen. In za a yi dariya, a yi wa gemu mai tsari."

Na daidaita. Almakashin ya yi baƙi, yatsuna ma haka. Ya ci ƙosan a tsaye, ya zuba biro da kati a aljihun gaba, ya karkaɗe riga. Babur ya ƙi tashi, sai da na tura shi har bakin kwalta.

Daga rumfata ana hango mararraba. A nan hanyar Sule Tankarkar ta rabu da ta makaranta, a nan kuma 'yan acaɓa suke taruwa. Ya isa wurin ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya. Rana ta fito tana dukan sanƙon. Na ga 'yan acaɓan sun daina hira, ɗaya ya taɓa ɗaya. Ya daɗe a tsaye, har na fara tunanin zan ƙara shi cikin masu faɗin abu a kujerata ba cikawa.

Sai ya ɗaga musu hannu ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara tabarau, ya karya kan babur ya bi hanyar makaranta.